Mutanen da Lynette Yiadom-Boakye ke zanawa, da tambayar ɗalibin da ya gaji da zama gaban mutum

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, na daɗe ina zane da fensir, kwanan nan na fara gwada fentin mai. Na ci karo da hotunan wata mai zane da ake kira Lynette Yiadom-Boakye, sun burge ni ƙwarai. Sai na karanta cewa mutanen da take zanawa babu su a duniya, daga kanta take fito da su, kuma wai a wuni ɗaya take gama hoto. Wace ce ita, kuma yaya aka yi ta shahara haka? Sannan idan ita tana zana mutum daga ka a wuni guda, me ya sa ku malamai kuke matsa mana sai mun zaunar da mutum na gaske muna kwaikwayonsa? Anya ba ɓata lokaci ba ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya uku ka haɗa, kuma na lura ta ukun ce ta fi cin ranka. So kake in ce maka ka huta da zaunar da ƙanenka a kujera kana auna hancinsa da fensir, tunda ga wata can ta yi suna ba ta zaunar da kowa ba. Abin da ka karanta gaskiya ne, mutanen nata ƙirƙirarru ne, kuma ta yi shekaru tana gama yawancin hotunanta a zama ɗaya. Sai dai rabin labarin aka ba ka. Bari in fara da ita kanta, don in ka ji hanyar da ta biyo, amsar tambaya ta uku za ta fara fitowa da kanta.

Wace ce ita

An haife ta a Landan a 1977. Iyayenta 'yan Gana ne da suka koma Birtaniya, dukansu biyu ma'aikatan jinya. Wato ba daga gidan masu zane ta fito ba, ba kuma daga gidan da za a ɗauki nauyin yaro shekara goma yana wasa da fenti ba. Ta fara karatu a Central Saint Martins, makarantar zane mai babban suna a Landan, amma zaman bai yi mata ba, sai ta tattara ta koma Falmouth, wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. A can ta gama digirinta na farko a 2000. Daga nan ta dawo Landan ta shiga makarantar Royal Academy, wadda aka buɗe tun 1769, ba a biyan kuɗin karatu a cikinta, kuma ɗaliban da take ɗauka a shekara ba su kai ashirin ba. Shekara uku ta yi a nan, ta fito a 2003.

Ka lura da zamanin da ta taso a ciki. A ƙarshen shekarun 1990, abin da ke tashe a Landan shi ne irin aikin su Damien Hirst, wanda ya sa kifin shak a akwatin gilashi, da Tracey Emin, wadda ta baje gadon barcinta a hargitse ta kai zagayen ƙarshe na gasar Turner, babbar gasar fasaha ta Birtaniya, a 1999. Mai zana mutum da fentin mai a kan ƙyalle, kallon ɗan dā ake yi masa a makarantu da yawa. Ba wai sana'ar ta mutu ba ce, Lucian Freud yana raye yana aiki, Jenny Saville ta riga ta fito, Chris Ofili ma, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ci gasar Turner a 1998 da zane. Amma ɗalibar da ta zaɓi wannan hanya a lokacin ba kasuwa ta bi ba.

Bayan ta gama makaranta ba wanda ke jiranta a bakin ƙofa. Ayyukan neman abinci ta riƙa yi tana zane a gefe, har 2006 da ta samu tallafin Arts Foundation na masu zane, wanda ya ba ta damar zama a ɗakin aikinta ta fuskanci zane kaɗai. A wannan tsakanin ne Okwui Enwezor, ɗan Najeriyar nan mai tsara manyan baje kolin fasaha na duniya, wanda ya rasu a 2019, ya ga aikinta ya sa ta a baje kolin Sabil na Sifaniya a 2006, ya sake sa ta a na Gwangju a Koriya ta Kudu a 2008. A 2010 gidan Studio Museum da ke unguwar Harlem a Niyok ya yi mata baje koli ita kaɗai. A 2012 ta ci kyautar Future Generation ta gidauniyar Pinchuk a Yukiren, dala 100,000. A 2013 ta shiga cikin mutum huɗu na ƙarshe a gasar Turner, ba ta ci ba, Laure Prouvost ce ta ɗauka. A 2018 ta ci kyautar Carnegie a Amurka. A 2019, da Gana ta buɗe rumfarta karon farko a babban baje kolin Venis, tana cikin mutum shida da aka zaɓa, tare da El Anatsui da Ibrahim Mahama da John Akomfrah. Sai babban baje kolinta a Tate Britain, babban gidan adana zane-zane da ke Landan, wanda aka buɗe a Disamban 2020, annobar korona ta sa aka rufe bayan 'yan kwanaki, aka zagaya da shi wasu biranen Turai, sannan aka dawo da shi Tate a ƙarshen 2022 don waɗanda ba su samu gani ba.

Yanzu ka yi lissafi da kanka. Kusan shekara bakwai a makarantun zane. Shekara goma daga fitowarta zuwa gasar Turner. Tana da shekara 43 Tate ta yi mata wancan baje koli. Wanda ya ce maka "wuni ɗaya take gama hoto" bai ƙirga waɗannan ba.

Me ya sa wuni ɗaya

Mutane suna jin zancen wuni ɗaya sai su ɗauka gaggawa ce ko nuna gwaninta. Dalilin yana cikin halin fentin mai ne, kuma tunda ka fara taɓa shi, ka riga ka fara gani ko da ba ka san sunan abin ba.

Fentin ruwa yana bushewa ne idan ruwan ya tashi ya bi iska. Fentin mai ba haka yake ba. Garin launi ne aka kwaɓa da mai, galibi man linsid, wato man irin tsiron da ake yin lilin da shi, kuma man ba ya tashi, iskar oksijin yake sha a hankali har ya daskare ya zama fata. Shi ya sa yake ɗaukar kwanaki kafin ka taɓa bai kama yatsa ba, kuma wata shida zuwa shekara kafin ya bushe har ciki a iya shafa masa banish, wato abin ƙyallin da ke kare fuskar hoto. Launukan ma ba tare suke bushewa ba. Ƙasa-ƙasan nan mai duhu da ake kira amba yana saurin kamewa saboda sinadarin manganis da ke cikinsa, wani lokaci kwana ɗaya ya ishe shi, amma baƙi na ƙashi da jan alizarin sai su yi kwanaki suna danshi.

Wannan ya bar wa mai zane hanya biyu. Ta farko ita ce ta tsofaffin gwanayen Turai tun zamanin Jan van Eyck a ƙarni na 15: ka shimfiɗa fenti siriri, ka jira ya bushe, ka ɗora wani, haka har hoton ya yi zurfi, kana kiyaye ƙa'idar cewa kowane shafi na sama ya fi na ƙasa mai, in ba haka ba hoton ya tsattsage bayan shekaru. Wannan aikin makonni ne ko watanni. Ta biyu ita ce ɗanye a kan ɗanye, abin da Italiyawa ke kira alla prima: ka gama komai kafin fentin ya kame, launuka suna shiga juna a kan ƙyallen. Manet, mai zanen Faransa na ƙarni na 19, ya yi amfani da ita sosai, Sargent ma haka, kuma daga irin waɗannan, da Degas da Sickert, Lynette ta ɗauki darasi.

Matsalar tana tsakiya. Hoton da ka bari ya kwana biyu, bai bushe ba kuma ba ɗanye ba, shi ne mafi wuyar sha'ani. Buroshi yana kamawa, fentin ƙasa yana ɗagowa ya gauraya da na sama, fuska ta zama laka. Duk wanda ya yi fentin mai ya san wannan baƙin ciki: jiya da dare ido yana da rai, yau da safe ka ce bari ka ɗan gyara, kafin azahar ka kashe shi. Ita ta bayyana cewa komawa kan hoto bai cika gyara mata shi ba, shi ya sa ta ɗora wa kanta dokar gamawa a zama ɗaya, wanda bai yi ba kuma ta yar da shi. Wannan na biyun ka riƙe da kyau. Abin da kake gani a bango shi ne wanda ya tsira. A shekarun baya-bayan nan ma ta sassauta wannan doka, tana ba wasu hotunan lokaci fiye da dā.

Gama hoto a wuni ɗaya ya fi gama shi a wata uku wuya. Mai wata uku yana da damar yin kuskure ya rufe. Mai wuni ɗaya dole ya san inda ƙashin kunci yake kafin buroshi ya sauka, don ba shi da gobe.

Mutanen da babu su

A nan ne amsar tambayarka take. Da aka ce daga kanta take fito da mutanen, ba ana nufin tana rufe ido sai mutum ya faɗo mata daga sama ba. Tana tara hotunan da ta yanko daga mujallu da wasu wurare, tana zanen gwaji, tana kallon tsofaffin hotuna a gidajen tarihi, tana kallon mutane. Zaman wani, wuyan wani, yadda wani ya ɗora hannu a gwiwa, su ne suke haɗuwa su zama mutum ɗaya da ba shi da suna. Kuma ta gwada zana mutanen gaske kafin ta bari. Dalilin da ta bayar shi ne, idan mutum yana gabanta hankalinta yana tafiya wajen kamo kamanninsa, shi kuma zanen kansa, wato launi da haske da tafiyar buroshi, sai ya koma baya. To ka ga ta san abin da ta bari. Kai kuma so kake ka bar abin da ba ka riƙe ba tukuna.

Ni ma na taɓa shiga wannan zumuɗi. Akwai shekarar da na ce na gaji da roƙon mutane su zauna mini, na ɗaura niyyar zana fuska ɗaya daga ka kowace rana har wata guda. Da na jera su a ƙarshen wata, sai na ga mutum ɗaya na zana sau talatin. Goshi iri ɗaya, karkatar kai iri ɗaya, duk suna kallon hagu saboda ta nan hannuna ya fi sabawa. Kunnuwa kuwa abin kunya ne, kowanne kamar an manna shi daga baya. Abin da ke rumbuna ke nan, kuma ba a ɗebo daga rumbu abin da ba a zuba ba. Na koma zaunar da mutane na ƙara shekaru kafin na sake gwadawa, kuma ko yanzu, in na zana daga ka, hannu da kunne sai na tashi na duba madubi.

Don ka ga faɗin filin, dubi wasu biyu da suka bi wasu hanyoyin. Lucian Freud, kafin rasuwarsa a 2011, ba ya zana mutum sai yana gabansa, kuma abokin sana'arsa David Hockney ya zauna masa kusan awa 120 saboda hoton kai guda ɗaya ƙarami. Kehinde Wiley, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, kuma shi ya zana hoton Barack Obama da aka ƙaddamar a Washinton a 2018, ya yi suna ne da tare samari a titi ya ɗauke su hoto, sannan ya zana su a tsayuwar sarakuna da jarumawan tsofaffin hotunan Turai. Freud yana neman naman jikin wannan mutum takamaimai. Wiley yana neman ɗora mutum na gaske a kujerar da a dā ba a ba irinsa. Lynette ba ɗaya daga cikin biyun take nema ba.

Abin da take yi shi ne cirewa. Ba suna, ba gari, ba shekara. Tufafin mutanenta ba sa nuna zamani, riga ce kawai fara ko mai ratsi, wando baƙi. Sau da yawa ba takalmi a ƙafarsu, don takalmi yana saurin tona shekarar da aka yi hoto. Bayansu galibi launi ne kawai, duhu ko kore ko rawaya. A hotonta mai suna Condor and the Mole na 2011, 'yan mata biyu ne a bakin teku suna duban wani abu a ƙasa, ba ka san wane teku ba ne, ba ka san me suke kallo ba. A Citrine by the Ounce na 2014, fuskar namiji ce ta cika ƙyallen, ido a ƙasa, bayansa rawaya mai haske. Sunayen hotunan ma ba sa bayyana komai. Ita marubuciya ce, tana rubuta waƙoƙi da gajerun labarai, kuma ta ce suna a wurinta kamar ƙarin shafar buroshi ɗaya ne a kan hoton.

Akwai kuma abin da ba zai yiwu a tsallake ba: kusan duk mutanenta baƙaƙe ne. A tarihin fentin mai na Turai, baƙin mutum yakan fito ne a gefe, bawa ko bara ko mai riƙe da tire. A shahararren hoton Manet mai suna Olympia na 1863, baƙar matar da ke riƙe da furanni, wadda sunanta Laure, shekaru da yawa masu sharhi suna wuce ta kamar ba ta nan. Mutanen Lynette suna tsakiyar hoto, kuma ba sa yi wa kowa hidima, ba sa kuma yin zanga-zanga. Suna zaune, suna rawa, suna karatu, suna hira, wani lokaci da tsuntsu ko kyanwa a kusa. A ganina ƙarfin aikin a nan yake: ta ba su izinin zama kawai ba tare da sun bayyana wa mai kallo dalilin zuwansu ba. Ita kanta ba ta son a mayar da aikin zancen siyasa zalla, ta sha nuna cewa baƙaƙe take zanawa don shi ne abin da ya zo mata a ɗabi'a, da farare ta zana ne ma za a ce abin mamaki.

Ba kowane hotonta nake so ba, gara in faɗa maka. Akwai waɗanda saurin ya bayyana a cikinsu ta hanyar da ba ta yi mini ba, hannu ya zama kamar safa, ƙafa ba ta taka ƙasa sosai ba. In ka ga da yawa a jere kuma, wani lokaci yanayin yakan zama iri ɗaya. Wasu abokan sana'ata suna ganin wannan sakacin da gangan ne kuma shi ne daɗin abin. Mun yi gardama a kai ba mu daidaita ba. Amma idan hoton ya yi, kamar wancan mai rawaya, ban san mai zane na yanzu da ya fi ta iya sa duhu ya yi numfashi ba.

Baƙar fata da fentin mai

Tunda aikinta ya burge ka, na san za ka gwada, kuma na san kuskuren da za ka fara yi don kowa da shi yake farawa. Za ka ɗauki ƙasa-ƙasa ka zuba baƙi don inuwa, ka zuba fari don haske. Inuwar za ta mutu ta zama rami, hasken kuma zai yi furu-furu kamar ƙafar yaron da bai shafa mai ba da hunturu. Farin titaniyam yana kashe ɗumin launi, yana mayar da shi toka.

Baƙar fata ba launi ɗaya ba ce. Ka zaunar da mutum kusa da taga ka dube shi minti goma ba tare da ka taɓa buroshi ba. Za ka ga goshi da ƙashin kunci suna ɗauko shuɗin sama, za ka ga ja a kunne da leɓe da ƙasan ido, za ka ga wani kore-kore ko shunayya a inuwar haɓa, za ka ga launin rigarsa ya hau wuyansa. Ni abin da nake ɗorawa a allon kwaɓa fenti ba ya wuce shida ko bakwai: amba ƙonanne, siyena ƙonanne mai ja-ja, rawayar oka, jan alizarin, shuɗin altramarin, fari, wani lokaci da kore ɗaya. Duhu mafi zurfi daga altramarin da amba nake haɗa shi, don in na ƙara shuɗi ya yi sanyi, in na ƙara amba ya yi ɗumi, abin da baƙi na kwalba ba zai ba ka ba. In zan haskaka fata, da oka ko siyena nake fara hawa, fari sai a ƙarshe, ɗan kaɗan, a inda fata ke ƙyalli.

Dubi yadda ita take yi. Takan ɗora mutum mai duhu a kan bango mai duhu, tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa, sannan ta jefa fari a wuri biyu ko uku kawai: farin ido, haƙori, kwalar riga. Idonka yana kama farin da farko, sannan a hankali sauran jikin ya fito daga duhun, kamar yadda ido ke sabawa in ka shiga ɗaki daga rana. Fentinta kuma ba kauri gare shi ba a ko'ina, a wurare da yawa saƙar ƙyallen lilin tana lekowa.

A nan dole in ja maka kunne kan wayar da kake kallon hotunan a ciki. Kyamara da fuskar waya suna haɗe duhu kala biyar su mayar da shi baƙi ɗaya, kuma daidai wurin da gwanintarta take ke nan. Girman ma yana ɓacewa, don da yawa daga hotunanta sun kai tsayin mutum ko sun fi. Gani ya kori ji, kuma abin da nake bayyana maka da baki ba zai maye gurbin tsayawa gaban ƙyallen ba. In kana kwaikwayonta daga waya, abin da waya ta rage kake kwaikwayo.

Zancen kuɗi, a taƙaice

Za ka ci karo da labarin cewa an sayar da hotonta The Hours Behind You a gwanjon Sotheby's na Niyok a 2017 kan fiye da dala miliyan ɗaya da rabi. Kada ka ɗauka aljihunta kuɗin ya shiga. Kuɗin gwanjo na wanda ya mallaki hoton ne ya kawo shi sayarwa. A Birtaniya akwai doka tun 2006 da ke ba mai zane ɗan kaso idan an sake sayar da aikinsa, amma an yi wa kason iyaka, ba ya wuce 12,500 komai tsadar hoton, a dā da kuɗin Yuro ake lissafawa, yanzu da fam. Amurka ba ta da irin wannan doka ta tarayya. Abin da mai zane ke ci shi ne cinikin farko ta hannun gidan da ke wakiltarsa, a wurinta Corvi-Mora a Landan da Jack Shainman a Niyok, kuma al'adar wannan kasuwa ita ce a raba kusan rabi da rabi. Tashin farashi a gwanjo yana ɗaga darajar sabon aiki, gaskiya ne, amma yana jawo masu saye don su juya su sayar, kuma ya karya matasan masu zane da dama da farashinsu ya yi sama da wuri ya faɗo. Ita ta tsira daga wannan ne, a fahimtata, don gidajen tarihi sun riga 'yan gwanjo zuwa wurinta. Yawancin masu zana mutum da fentin mai kuwa, har a Birtaniyar, da koyarwa da aikin oda suke riƙe kansu.

Abin da nake ba ka shawara

Kada ka daina zaunar da mutum, kuma kada ka jira sai ka ƙware kafin ka gwada daga ka. Haɗa su za ka yi ta wannan hanya. Ka zana mutum yana gabanka, awa ɗaya ko biyu. Washegari ka juya wancan zanen ga bango, ka sake zana shi daga abin da ka tuna. Sannan ka jera biyun. Duk inda na biyun ya rushe, wurin da ba ka gani ba ke nan jiya, kallo kawai ka yi. Galibi za ka tarar wurin da wuya ya shiga kafaɗa ne, da tazarar ido zuwa kunne, da faɗin ƙeya, don kusan kowane ɗalibi yana rage girman ƙoƙon kai ta baya. Ka koma wurin mutumin ka duba wannan wurin kaɗai. In ka yi haka wata shida, za ka fara samun mutane a kanka da ba kai ba ne.

Don koyon ɗanye a kan ɗanye, ka yi ƙananan hotuna, kamar faɗin littafin rubutu, ka ba kanka awa uku, in lokaci ya cika ka ajiye buroshi ko an gama ko ba a gama ba. Ka yi amfani da buroshi mafi girma fiye da wanda ranka ke so. Wanda bai yi ba ka kankare fentin da wuƙar kwaɓawa tun yana ɗanye ka sake amfani da ƙyallen. Ka kuma kwafi Manet da Sargent da Degas, wato inda ita ta sha, maimakon ka kwafe ta. Wanda ya kwafi Lynette kai tsaye yakan ɗauko sakacin ya bar ginin da ke ƙarƙashinsa.

Iyakar abin da zan iya yi maka ta rubutu ke nan. Ban ga hannunka ba, kuma kuskuren da malaminka zai gano a minti ɗaya yana tsaye a bayanka, ni ba zan gano shi daga nan ba, don haka in maganata ta saɓa da tasa a kan aikin da ke gabansa, tasa ka ɗauka. Batun hukuncin zana mai rai kuma, in yana ranka, wannan fagen malaman addini ne, su za ka tambaya.

Abu ɗaya da ba a cika gaya wa masu farawa ba: tsumman da ka goge man linsid da shi kada ka dunƙule shi ka jefa a kwando. Wannan shan iska da ke busar da fenti yana fitar da zafi, kuma tsummoki masu mai in suka taru a dunƙule suna iya kamawa da wuta da kansu. Ka shanya su a buɗe su bushe, ko ka tsoma su a gwangwanin ruwa mai murfi. Tafentin da kake wanke buroshi da shi kuma, ka rufe kwalbarsa in ba amfani kake yi ba, ka bar taga a buɗe.